Tikka T3x Lite mai cin harsashin .30-06: bindigar farautar matsakaita da manyan namun daji

Bindigar da zan yi bayani a kanta ita ce Tikka T3x Lite mai cin harsashin .30-06 Springfield, wadda na fita farauta da ita har sau uku a gonakin namun daji na tsakiyar Namibiya, na kuma harba ta a filin gwaji fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Tana cikin jinsin bindigogi masu sakata, wato waɗanda maharbi ke ɗaga wani hannun ƙarfe da ke gefensu, ya ja shi baya kwanson da ya harba ya fita, ya tura shi gaba sabon harsashi ya hau, sannan ya sauke hannun ya kulle, kamar dai yadda ake zura sakatar ƙofa. Wanda ya tashi yana ganin maharban ƙauye da adaka, suna ɗura albarushi ta baki suna dannawa da tsumma, ya san cewa dole mai adaka ya laɓaɓa har ya kusa jin numfashin dabba kafin ya harba. A filayen Namibiya, inda dabba ke hango mutum tun daga mita 300, laɓaɓe kaɗai ba ya wadatarwa, sai an haɗa shi da bindigar da ke sa harsashi daidai inda aka nufa daga nesa, kuma wannan shi ne aikin da aka ƙera irin wannan bindiga dominsa.

Kamfanin Sako ne ke ƙera Tikka a garin Riihimäki na ƙasar Finland, a masana'anta ɗaya da bindigogin da ke ɗauke da sunan Sako, waɗanda suka fi ta tsada nesa ba kusa ba. Tun shekarar 2000 kamfanin yana ƙarƙashin rukunin Beretta na Italiya. Samfurin T3x ya fito ne a 2016 ya gaji T3, kuma gyare-gyaren da aka yi masa sun nuna cewa an saurari koken masu amfani da tsohon: an faɗaɗa tagar da kwanso ke fita, an mayar da murfin bayan sakata na ƙarfe maimakon roba, an sa baƙin ƙarfe a ɗan guntun da ke tokare bugun bindiga a cikin ƙota inda a da alminiyum ne, an kuma kyautata robar da ke zama a kafaɗa. Akwai wata shaida da ta fi tallar kamfani nauyi a wurina. Lokacin da Kanada ta tashi sauya tsofaffin bindigogin Lee-Enfield na dakarun sa-kai masu sintiri a yankunanta na ƙanƙara, samfurin da ta zaɓa, wanda ake kira C19, a kan ƙirar Tikka T3 aka gina shi.

Abin da mutum ke fara lura da shi idan ya ɗauki bindigar shi ne santsin sakatarta. Idan ka ɗaga hannun ka karkata bakin bindigar sama, sakatar takan zame baya da kanta ba tare da an ja ta ba, kuma wajen turawa ba ta kakarewa ko da hannunka ya ɗan karkace, abin da ke yawan faruwa ga mai gaggawar sake ɗora harsashi alhali idonsa na kan dabba. Haƙora biyu ne a kanta waɗanda ke shiga gurbinsu su kulle, amma ɗagawar hannun digiri 70 ne kacal maimakon 90 na yawancin bindigogi masu haƙora biyu. Amfanin wannan a aikace shi ne hannun sakata ba ya kusantar madubin saiti, don haka ana iya ɗaura madubin ƙasa-ƙasa kuma yatsu ba sa gogar sa. Ƙurar Namibiya mai laushi ce kamar garin alkama, tana shiga ko'ina idan ana tafe a bayan buɗaɗɗiyar mota, kuma abin da na koya shi ne a bar sakatar kusan a bushe, a riƙa share ta da ƙyalle kowace yamma, domin yawan mai ne ke kama ƙura ya mayar da ita taɓo.

Kunamar ita ce abu na biyu, kuma a ganina ita ce ta fi komai daraja a wannan bindiga idan aka dubi kuɗinta. Ana iya daidaita nauyinta tsakanin kilo 1 da kilo 2 da sukurori guda ɗaya, kuma ba ta da jan ƙafa: kana matsa ta tana nan daram, sai kawai ta ɓalle kamar an karya tsinken ashana. Duk wanda ya taɓa harba bindigar da kunamarta ke tafiya tana gurzawa kafin ta saki ya san yadda wannan ke ɓata saiti, saboda a cikin wannan ɗan lokaci ne bakin bindiga ke yawo. Ni na bar tawa a wajen kilo ɗaya da rabi, kuma ba na ba wa sabon maharbi shawarar ya sauke ta ƙasa da haka, domin da sanyin asuba yatsa ba ya jin abin da yake taɓawa sosai, kuma daga Mayu zuwa Agusta hunturu ne a can.

Bututun an ƙera shi ne ta hanyar dukan sanyi, wato a zura wani sandan ƙarfe mai ɗauke da zanen murɗe a cikinsa, injina su yi ta dukansa daga waje ba tare da an sa shi a wuta ba, har zanen da ke juya harsashi ya fito a cikinsa. Ba ya taɓa ƙota daga gindinsa har zuwa inda ƙotar ta ƙare, kuma mai saye zai iya gwada wannan a kanti ta hanyar zura takardar kuɗi tsakanin bututun da ƙotar ya ja ta baya. Idan ta wuce ba tare da ta maƙale ba, to lafiya. Kamfanin ya yi alkawarin cewa harsasai uku za su taru a cikin abin da bai kai santimita 3 ba daga nisan mita 100, muddin harsashin mai kyau ne. Tawa ta cika wannan alkawari da nau'i biyu daga cikin huɗun da na gwada, sauran biyun kuma sun ɗan buɗe kaɗan, wanda ba abin mamaki ba ne, tun da kowane bututu yana da harsashin da ya fi karɓa. Sai dai bututun Lite siriri ne, tsawonsa santimita 57, kuma yana ɗaukar zafi da wuri. Bayan harbi huɗu ko biyar a jere harsasai sukan fara warwatsuwa, sai an jingine bindigar a inuwa ta huce. A wurin farauta wannan ba ya cutarwa, domin harbin farko daga bututu mai sanyi shi ne abin lissafi, amma wanda burinsa shi ne ya wuni yana harbin allo, gara ya nemi samfurin Varmint ko CTR masu kaurin bututu.

Yanzu sai batun da na fi son mai karatu ya tsaya a kansa, wato nauyi. Bindigar tsirara ba ta wuce kimanin kilo 3 ba, idan aka ɗaura madubi da maratayi aka cika ta da harsashi sai ta tasam ma kilo 3.7 ko kusa da haka, gwargwadon madubin. Wanda ya wuni yana bin sawu a cikin duwatsu da ƙaya zai sa wa maƙeranta albarka, domin bindigar da ta fi wannan da kilo ɗaya kacal takan zama kamar turmi a kafaɗa kafin azahar. To amma wannan rashin nauyi yana da farashi, kuma kafaɗa ce ke biya. Ƙarfin da ke tura harsashi gaba shi ne ke turo bindiga baya, kuma gwargwadon sauƙinta gwargwadon saurin da take dawowa da shi. Harsashin .30-06 a bindiga mai kilo huɗu da rabi turi ne kawai, amma a wannan ya fi kama da naushi, musamman idan mutum na zaune a kan tebur ɗin gwaji ya sunkuya, inda jiki ba ya samun damar lanƙwasawa ya bi bugun.

Na koyi wannan ne da kaina, kuma laifin nawa ne. Ranar da na fara daidaita madubi na zauna da 'yar riga mara kauri na harba kwali guda, harsashi 20, ban huta ba, saboda ɗokin ganin sun taru wuri ɗaya. Washegari jagoran farautarmu ya karɓi bindigar, ya juya mini baya kamar yana ɗora harsashi, ya miƙo mini ya ce in harbi allo. Da na ja kunama sai ta ce ƙyas, ashe bai sa komai ba, amma duk wanda ke wurin ya ga yadda na runtse ido na dunƙule kafaɗa, bakin bindigar ya nutsa ƙasa. Jikina ya riga ya koyi tsoron bugun, yana guje masa tun kafin ya zo, kuma da dabba ce a gabana da harsashin ya sauka a ƙafarta ko a cikinta. Sai da na kwashe kwanaki ina jan kunama a kan bindiga babu harsashi, ina harbi uku-uku a tsaye da riga mai kauri, kafin wannan ɗabi'a ta bar ni. Shi ya sa idan wani ya ce mini zai sayi Lite mai cin .300 Winchester Magnum, harsashin da ya fi .30-06 ƙarfi da bugu, wadda kamfanin ke yi, nakan tambaye shi ko ya taɓa harba irinta sau goma a jere. Mai ƙaramin jiki ko sabon shiga zai fi jin daɗin .308 Winchester, ko 7mm-08, ko 6.5x55, waɗanda duk ana samun wannan bindiga da su. Na'urar rage ƙara, a ƙasashen da doka ta yarda da ita, tana rage bugun sosai, kuma akwai samfuran da ke zuwa da bakin da aka riga aka yi wa zare domin ɗaura ta.

Dalilin da ya sa duk da haka na tsaya a kan .30-06 yana da nasaba da irin namun da ake farauta a can. Sunan harsashin kansa bayani ne: 30 tana nufin faɗinsa, kashi 30 cikin 100 na inci, 06 kuma shekarar 1906 da sojan Amurka suka fara amfani da shi. Fiye da shekara ɗari ke nan, kuma da wuya ka shiga kantin kayan farauta a kudancin Afirka ka rasa shi, abin da ba za a ce game da sababbin harsasan da ake yayi ba. Yana ɗaukar kan harsashi daga mai sauƙi, kamar giren 150 (giren ma'aunin nauyin kan harsashi ne), har zuwa mai nauyi, giren 220, kuma wanda na fi amfani da shi shi ne giren 180, wato giram 11.7, wanda ke barin bakin bindiga da gudun kusan mita 820 a daƙiƙa, da ƙarfin da ya doshi jul 3,900 (jul shi ne ma'aunin ƙarfin da harsashi ke tafe da shi). Dokar Namibiya ta gindaya mafi ƙarancin ƙarfi ga kowane rukunin dabba: jul 1,350 ga ƙanana irin su gada da barewar da suke kira springbok, jul 2,700 ga irin su kanki da gemsbok da eland (ƙatuwar dabba mai girman sa) da kudu (sunan dabba ne mai murɗaɗɗen ƙaho, ba kishiyar arewa ba), sai jul 5,400 ga ɓauna da giwa. Da wannan lissafi .30-06 ya haye rukuni na biyu da rata mai yawa, ya kuma gaza na uku da rata mai yawa, kuma wannan ita ce iyakar bindigar a taƙaice.

Gemsbok ne ya fi gwada ta a hannuna. Dabba ce mai kama da gwanki a girma, namijinta yakan kai kilo 200 ko fiye, ga dogayen ƙahoni miƙaƙƙu kamar masu, ga taurin rai da ya sa mafarauta ke girmama ta. Mun bi wani garke tun hantsi, iska na ta juyawa tana kai musu warinmu, sai can da la'asar muka samu wani tsohon namiji ya ware yana tsaye a gefen busasshen rafi. Na'urar auna nisa ta nuna mita 180. Jagora ya kafa sanduna uku da ake ɗora bindiga a kansu a harba a tsaye, na ɗora, na bi ƙafar gaba da saiti har zuwa sulusin jiki daga ƙasa. Wannan wuri yana da muhimmanci, domin zuciya da huhun namun dajin Afirka sun fi matsawa gaba, tsakanin kafaɗu, kuma tozon gemsbok yakan yaudari mutum ya harba sama da inda ya kamata. Da na harba ya zabura ya yi gudun da bai wuce mita 60 ba ya faɗi, kuma kafin ya kai ƙasa na riga na ɗora harsashi na biyu ba tare da na sauke bindigar daga kafaɗa ba, wanda a nan ne santsin sakata ya biya kuɗinsa. Na yi bisimilla kafin harbi kamar yadda aka saba, muka kuma hanzarta da wuƙa domin idan da sauran rai a yanka. Da aka feɗe, harsashin ya ratsa huhu biyu ya tsaya a ƙarƙashin fatar ɗaya gefen, ya buɗe kamar laimar kwaɗi, bai tarwatse ba.

Rashin tarwatsewar nan aikin harsashi ne, kuma mutane da yawa sukan kashe kuɗi a kan bindiga su yi ƙwauro a nan. Kan harsashi na gama-gari, dalma ce a cikin siririyar rigar tagulla, yana yi wa springbok ko mugun dawa aiki, amma idan ya ci karo da ƙashin kafaɗar babbar dabba yana iya rabuwa da rigarsa ya farfashe kafin ya isa huhu. Domin kudu da gemsbok da eland ana bukatar wanda aka ƙera don ya riƙe nauyinsa, kamar Nosler Partition mai shamaki a tsakiya, ko Norma Oryx da aka manne dalmarsa da rigarsa, ko Barnes TSX wanda tagulla ne zalla. Eland kuwa, wanda babban namijinsa ke iya haura kilo 700, shi ne ƙarshen abin da zan nuna wa wannan bindiga, kuma ko shi sai da harsashi mai kyau, daga nisa matsakaici, dabbar na tsaye ta ba da gefe. Game da saiti, idan aka daidaita madubi harsashi ya sauka kimanin santimita 5 sama da tsakiyar allo a mita 100, zai faɗa daidai a wajen mita 200, a mita 300 kuma ya sauka ƙasa da kusan taƙi ɗaya. Ni dai ban taɓa harbin dabba fiye da mita 250 ba, kuma ban ga abin da zai sa in yi ba.

Akwai abubuwa biyu a ƙirar bindigar da ya kamata mai saye ya sani tun kafin ya biya. Na farko gidan harsashi ne, wanda na roba ne mai cirewa, yana ɗaukar harsashi uku a jere ɗaya bisa ɗaya, na huɗu kuma a cikin bututu. Jerin ɗaya bisa ɗaya shi ne sirrin yadda harsashi ke hawa sumul, amma yana nufin ba a iya ƙara harsashi ta sama ta tagar sakata kamar yadda ake yi wa tsofaffin bindigogi, sai an ciro gidan an cika an mayar. Abu mai cirewa kuma abu ne mai ɓacewa, kuma na ƙari ba shi da araha, saboda haka a sayi na biyu tun farko a ajiye shi a aljihun da ke da zif. Na biyu makullin kunama ne, wanda matsayi biyu gare shi: idan an kulle, ya kulle kunama da sakata gaba ɗaya, abin da ke hana reshe ya ɗaga hannun sakata a cikin sarƙaƙiya, amma idan za a fitar da harsashin da ba a harba ba dole sai an buɗe makullin tukuna. Bindigar Winchester Model 70 tana da matsayi na tsakiya da ke barin sakata ta motsa alhali kunama na kulle, kuma na fi son wannan tsari. Da Tikka maganin abin shi ne ladabin da ya wajaba a kan kowace bindiga, wato a ciro gidan harsashi, a juya baki zuwa ƙasa inda babu kowa, yatsa ya yi nesa da kunama, sannan a buɗe.

Ƙotar roba ce, ba ta da kyan gani, kuma idan ka ƙwanƙwasa ta za ka san ba itace ba ce, ko da yake an cusa mata soso a ciki don rage ƙara. Ba ta kumbura da ruwa, ba ta tsagewa da zafi, kuma ƙaya ta karce ta ba abin baƙin ciki ba ne. Mai son katako akwai samfurin Hunter.

Tsohuwar muhawarar mafarauta a kan yadda sakata ke kama harsashi ta shafi wannan bindiga kai tsaye. A ƙirar Mauser ta 1898, da waɗanda suka bi sawunta irin su CZ 550 da Winchester Model 70 ta asali, akwai doguwar ƙugiya a gefen sakata da ke cafke gindin harsashi tun yana fitowa daga gidansa, ta riƙe shi har ya shiga bututu, ta kuma fizgo shi da ƙarfi bayan harbi. Tikka kuwa tura harsashin take yi a gabanta, sai sakata ta rufe sannan 'yar ƙaramar ƙugiyarta ta haye gindin kwanson. Masu goyon bayan Mauser suna cewa idan mutum ya firgita ya ja sakata rabi ya sake turawa, ƙirar turi tana iya cusa harsashi biyu su cushe, kuma gaskiyarsu ce. Sai dai wannan hujja tana da nauyi ne a gaban dabbar da ke iya juyowa ta kashe mutum. A gaban kudu ko kanki, abin da cushewa za ta jawo shi ne asarar dama, kuma wanda ya saba jan sakata har ƙarshe da ƙarfi da wuya ya gamu da ita. Wanda ke da niyyar fuskantar ɓauna, ko a Tanzaniya ko a yankunan farauta da ke kewaye da gandun dajin Benuwe da na Faro a arewacin Kamaru, ya kamata ya nemi wata bindigar dabam mai ƙugiyar Mauser da harsashin .375 H&H, wanda ya fito tun 1912 kuma ƙasashe da dama suka ɗauke shi a matsayin mafi ƙanƙanta ga namun daji masu haɗari. Ba a yin T3x da wannan harsashi. Ana yin ta da 9.3x62, harsashin da Otto Bock ya ƙirƙira a Jamus a 1905 wanda ya yi suna a Afirka, amma a bindiga mai kilo uku bugunsa ba na kowa ba ne.

Lite yawanci ba ta zuwa da saitin ƙarfe a kan bututu, don haka kuɗin madubi yana cikin kuɗin bindiga, kuma kuskure ne a raba su wajen lissafi. Saman bindigar yana da gurbin da zoban riƙe madubi na kamfanin, masu suna Optilock, ke kamawa kai tsaye, akwai kuma ramukan sukurori ga mai son ɗaura dogon layin ƙarfen da ake ɗora madubi a kansa. Madubi mai kusantarwa daga ninki 3 zuwa 9, ko 2 zuwa 10, ya ishi duk abin da na ambata, kuma abin dubawa a jikinsa shi ne haskensa da magariba da kuma tazarar da yake bari tsakaninsa da ido. A bindiga mai sauƙi da bugu irin wannan, madubin da ke bukatar a kusantar da ido yakan sari gira, kuma tabon da yake bari sananne ne a tsakanin mafarauta. A riƙa tafiya da shi a kan mafi ƙanƙantar lamba, domin dabbar da ta ɓullo a mita 30 ba ta jiran a murɗa madubi, ita kuwa ta nesa tana ba da lokaci.

Ta fuskar kuɗi, tsaka-tsaki take. A Amurka yawanci ana samun Lite a ƙasa da dala 1,000, ta fi Ruger American da Savage Axis tsada, ta kuma yi ƙasa sosai da 'yan uwanta masu sunan Sako. Masu arahar nan biyu suna harbi daidai gwargwado, kuma wanda aljihunsa bai kai ba babu abin kunya a cikinsu, amma da ka ja sakatarsu ka ja ta Tikka za ka ji inda bambancin kuɗin ya tafi. Remington 700, wadda ke kasuwa tun 1962, ta fi ta yawan kayan sauyi, ko da yake a 'yan shekarun nan masu ƙera ƙota da kunama da gidan harsashi na Tikka sun yawaita. Bahago ma ba a manta da shi ba, domin ana yin samfurin da hannun sakatarsa ke hagu. Mai karatu a Najeriya ya sani cewa dokar bindigogi ta 1959 ta sa mallakar bindigar farauta a ƙarƙashin lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, ta kuma haramta wasu nau'o'in da ta ɗauka na soja, ga kuma haramcin farauta a gandun daji irin su Yankari, saboda haka a aikace mafi yawan masu sha'awar wannan bindiga za su haɗu da ita ne a ƙasashen da ake farauta da izini, inda gonaki da dama ke ba baƙo hayar bindiga ya huta da wahalar takardun shigo da tasa.

Da zan sake saye, Tikka T3x zan sake ɗauka, kuma .30-06 ɗin dai, amma zan nemi samfurin ƙarfe mara tsatsa mai ƙotar katakon da aka manna falle-falle, wanda ya ɗan fi Lite nauyi, saboda 'yan giram ɗin da zai ƙara mini a kafaɗa wajen tafiya sun fi mini sauƙi a kan naushin da zai rage mini wajen harbi. Wanda farautarsa ba ta wuce springbok da mugun dawa da kudu jefi-jefi ba, Lite mai cin .308 ta ishe shi, ya sa ragowar kuɗin a madubi da kwalaye uku ko huɗu na harsashi iri ɗaya, ya ƙarar da biyu daga ciki a kan sanduna a filin gwaji kafin ranar fita.